Allurar da Ta Yi Giɓi

Ranar Juma'ar da ta wuce 'ya'yan ƙanena biyu da ke jami'a suka zo gaishe ni a Kiru. Bayan gaisuwa babban ya zaro waya ya nuna mini hoton zaren gado, wannan da ake ce wa DNA, kwance a lanƙwashe kamar igiyar guga a bakin rijiya. Ya ce, "Baba Sabo, an ce kai ma ka taɓa ɗaukar irin wannan. Ai yanzu maɓalli ɗaya ake dannawa." Ƙaramin ya ce na'ura ce ke yin komai, mutum kujera kawai yake ɗumamawa. Ban yi musu gardama ba, don shayina yana kan wuta. Da suka tafi ne na ɗauko biro. Wannan rubutu naku ne, ku da abokanku.

Ni ba ɗan jami'a ba ne. Mai gyaran agogo ne ni, kuma a teburin Malam Ɗanjuma na koya, a kasuwar Kiru, tun farkon shekarun tamanin. Wata guda cur bai bari na taɓa agogo ba. Faifai biyu ya ajiye mini, ɗaya da riɗi, ɗaya babu komai, ya ba ni hantsaki ya ce in kwashe riɗin ɗai-ɗai. Idan ƙwaya ta tsalle sai ya ce, "Ba hannunka ne ke rawa ba, numfashinka ne. Fitar da iskar, ka tsaya, sannan ka ɗauka." Agogon farko da ya ba ni na wani direban bas ne, gashin cikinsa ya cukurkuɗe, wato 'yar siririyar wayar nan da ke naɗe kamar dodon koɗi. Na yi wuni biyu ina warware ta da gilashin ido ɗaya a maƙale a fuskata. Da agogon ya fara bugawa Malam bai yaba ba, sai dai ya tura mini rabin goronsa.

A ƙarƙashin teburin nan akwai kwali cike da littattafan soyayya, irin waɗanda ake sarowa daga Kano. Duk wanda ya fito sai na karanta. Na san yadda saurayi ke tsara wasiƙa, na san yadda budurwa ke sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi, kuma a ganina duk abin da Allah ya halitta yana da abokin da yake jira. Malam kan ce da masu kawo gyara, "Ku ba Sabo na Soyayya, amma ku jira ya gama shafin." Ku riƙe zancen littattafan nan, zai dawo.

Da agoguna masu batir suka cika kasuwa, aiki ya ja baya. Wajen tsakiyar shekarun casa'in, wata ranar kasuwa, wata mata mai gilashi ta tsaya a gabanmu ta kwance hankici. A ciki akwai sukuru guda, dogo, zarensa ya fi na kowane agogo laushi, ya cije a cikin gidansa. Ta ce sunanta Dakta Rabi, 'yar Bebeji ce, ta yi karatu a ƙasar waje, kuma an ce mata a nan akwai masu hannu. Malam ya duba ya miƙo mini. Na jiƙa shi da man agogo, na bi zaren da tsinken itace layi-layi, har ya juya ba tare da ƙara ba. Ta daɗe tana kallon yatsuna, sannan ta ce, "Malam Sabo, kana iya ɗaukar abin da ba ka gani sosai?"

Malam Ɗanjuma ne ya ba ta amsa. "Ya ɗauki riɗi ya fi mudu. Ki tafi da shi, amma ki ƙwace littafin."

Na'urar da ta kai ni wurinta ba ta fi butar shayi girma ba, in ka cire kwamfuta da akwatunan waya. Tsohon malaminta na can waje ne ya ba ta aro. Ta fara girka ta a birni, amma ginin na rawa duk lokacin da babbar mota ta wuce, ga injin wuta a bayan taga. Shi ya sa ta kwaso ta zuwa wani tsohon soron ƙasa na kakanninta na wajen uwa, a gefen Yako, inda babu kwalta kusa. Ita tana zuwa kwana uku a mako a ƙaramar bas, ni kuma ina nan kullum.

Madubin likita da kuka sani da haske yake gani. Wannan ba ta gani sam, lalube take yi, shi ya sa muka sa mata suna Mai-lalube. Akwai wani ɗan guntu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A bakinsa akwai harshe wanda ya fi gashi siranta, a ƙarshen harshen kuma akwai allura wadda ko da gilashina ban taɓa ganin tsininta ba. Allurar na bin saman abu layi bayan layi, kamar mai yin kunya a gona. In ta ci karo da tudu sai harshen ya ɗaga, in ta faɗa kwari ya sauka. Hasken leza na sauka a bayan harshen ya koma kan wani ɗan ido, kwamfuta kuma ta mayar da motsin hasken ya zama hoto. Zaren gadon da muke nema, sai an jera dubbai a gefen juna kafin su kai kaurin gashi ɗaya. To ku duba abin da ake so allura ta haye ba tare da ta ture shi ba.

Aikina na farko shi ne hana ƙasa yi mana magana. Na samo tsohon dutsen niƙa mai nauyi, na yanka robar tayar babur tsiri-tsiri, na rataye dutsen daga azara, muka ɗora Mai-lalube a kai tana lilo a hankali kamar jariri a zane. Injin wuta muka kai shi cikin rami a ƙarshen gona, mu cika baturan mota da safe, mu kashe shi kafin mu fara. Duk da haka kowane hoto sai ya fito da ratsi-ratsi a kwance, tazararsu daidai wa daida. Dakta ta canza waya, ta canza batir, ratsin na nan. Wata safiya ina kallon allon ina kaɗa ƙafa ba tare da na sani ba, sai na lura ƙafata da ratsin tare suke tafiya. Lugude ne. Matan maƙwabta ne ke daka, kuma taɓarensu na sauka a kan hotonmu.

Dakta ta shiga gidan maƙwabtan ta fito da Iya Ladi, wadda ita ce babba a cikinsu. Iya ta tuɓe takalmi a bakin soro, ta zauna a tabarma ta ce, "Wai ni na ɓata muku aiki daga tsakar gidana? Rabi, karatun nan bai taɓa miki kai ba kuwa?" Dakta ta aika a ce wa Hanne, surukar Iya, ta buga turmi sau uku ta tsaya. Ratsi uku suka sauko a allo. Aka sake, uku suka sake fitowa. Iya Ladi ta riƙe haɓa, can ta ce, "To ashe ni ma na shiga kwamfuta. A gaya wa Hanne ta ƙara, ina so in ga hannunta, dama na ce ba ta da ƙarfi." A ranar aka yi yarjejeniya. Daga azahar zuwa la'asar babu daka a gidaje huɗun da ke kewaye da soron. Ba takarda, ba shaida, kuma shekara da shekaru ba a saɓa ba.

Zaren gado ba ya kwanciya a ko'ina. Yana buƙatar shimfiɗa wadda ta fi madubi santsi, don ko ƙaramin ƙurji a wurin tsauni ne ga allura. Akwai wani dutse mai ƙyalli, mai ɓawo-ɓawo kamar albasa, ana ce masa maika. Za ka manna masa salatif ka ɗaye, sai sabuwar fuska ta bayyana wadda tun da aka halicci dutsen iska ba ta taɓa ta ba. Ni duk lokacin da na ɗaye sai in ji kamar an yaye lulluɓin amarya. Sai ka ɗiga ruwan da zaren ke ciki, haɗe da wani gishiri da ke sa ya manne, ka ƙirga minti biyu a agogo, ka ɗauraye da tataccen ruwan da Dakta ke kawowa, ka busar da 'yar robar hura iska ta masu agogo. In ka yi gaggawa zaren ya tafi da ruwa. In ka yi jinkiri gishiri ya bushe ya zama duwatsu. Da maikan da ta zo da shi ya ƙare, na hau babur har tsaunukan Doguwa wurin masu haƙar kuza. Suka cika mini buhu suna dariya, don su zubar da shi suke yi. A cikin buhun nan abin da ya yi fari tas bai cika tafin hannu ba, amma ya ishe mu.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Wani malamin jami'a ya kawo zaren fatar akuya daga majema, muka gan shi da gaɓa-gaɓa kamar rake. Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada ya zo da 'yan kunnen matarsa a gaya masa ko zinare ne, na ce masa Mai-lalube ba ta san zinare ba, tudu da kwari kaɗai ta sani, ya tafi yana cewa ashe ba ta da amfani. Amma babban aikinmu na shanu ne. A gefen dajin Falgore sammore na kama shanu, su rame, gashinsu ya tashi, su daina ba da nono. Jauro Buba ne ya fara yarda a ɗebi jinin garkensa, bayan da yayarsa, Goggo Dije mai tallan nono a tashar Yako, ta sa baki. Dakta kan kai jinin birni ta tace ƙwayar cutar, ta fitar da zaren gadonta. Wani sashe na zaren wannan ƙwaya ba miƙaƙƙe ba ne, zobba ne ƙanana. Abin da take so ta sani shi ne ko maganin da ake yi wa shanun allura da shi yana barin zobban a sarƙe biyu-biyu. Jauro ya taɓa tambayarta ko hoton zai warkar da saniya. Ta ce, "A'a, Jauro. Fuskar ɓarawon kawai muke so mu gani tukuna."

Shekarar wahala ita ce ta biyu. Damina ta yi tsawo, bangon soro ya sha ruwa har ya yi gumi. In iska ta yi danshi, wani siririn ruwa kan kwanta a kan maika ya kama allura ya ja ta ƙasa, sai ta riƙa share zobban kamar tsintsiya. Muna da wasu 'yan duwatsu masu shan danshi da muke zubawa a akwatin na'ura, shuɗaye in sun bushe, jajaye-jajaye in sun ƙoshi. Kullum da safe sai in soya su a kasko kamar gyaɗa har su koma shuɗi. Iya Ladi ta leƙo ta katanga wata rana ta ce in sun soyu a sam mata. Allurai kuwa suna zuwa ne a ɗan akwati, a jere, kuma babu inda ake sayar da su a ƙasar nan. Danshi ya ci wasu, hannuna ya ci biyu, tsawa ta ci ɗaya. Muna cikin haka wasiƙa ta zo daga malamin Dakta. Ya ce masu na'urar na tambaya. In ba a aiko da hotunan da ke nuna ana aiki ba kafin ƙarshen damina, dole a mayar da ita. A lokacin allurai biyu suka rage, ɗaya a kan na'ura, ɗaya a akwati.

Saukar da allura kan maika shi ne wurin da ake gane ma'aikaci. Da sukurun nan da na gyara ake yi, kaɗan-kaɗan, ido a kan ɗigon haske. Wata Talata bayan azahar, gari ya yi tsit, Dakta na waje tana alwala, ni kuma ina da sabon littafi buɗe a cinya. An kai inda wasiƙar saurayi ta faɗa hannun yayan yarinya. Na ce bari in ga layi ɗaya. Yatsuna suka ci gaba da juyawa, idona na kan takarda. Da na ɗago, ɗigon hasken ya yi tsalle ya bar wurinsa. Allura ta daki dutse.

Na janye ta da sauri, na sa gilashi. Harshen na nan, bai karye ba. Na daidaita haske, na sake sauka yadda ya kamata, na sa ta fara tafiya. Layi na bin layi daga saman allo, sai ga zobe ya fito, tas, kamar an zana da alƙalami. A jikinsa kuma ga wani zoben ya ratsa shi. Can ƙasa ga wasu biyu, su ma a sarƙe. Kafin hoton ya cika na ƙirga goma sha ɗaya, kowanne da abokinsa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, ko a bangon littafi. Dakta ta shigo hannunta na ɗigar ruwa, ta kalli allo, ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam Sabo, me ka yi mata yau?" Na ce na soya duwatsun sosai. Zancen dukan da allura ta yi ban ɗauko shi ba, tunda ga hoto ya fito, ya ma fi na kullum.

Mako guda muka yi muna ɗauka. Ba mu da injin buga hoto, kyamara muke kafawa a gaban allo, mu rufe taga da bargo, in kai fim Tudun Wada a wanke. Mai wankin hoton ya miƙo mini su a tsakanin hotunan biki ya ce, "Wannan wace amarya ce, zobba kawai aka ɗauka?" Dakta ta riga ta rubuta wasiƙarta, ta ce maganin na barin zobban biyu-biyu, ta sa hannu. Saura in kawo hotuna a zuba a ambulan, gobe in kai gidan waya a Kano.

Da na sauka a tashar Yako yunwa ta kama ni, na tsaya wurin Goggo Dije. Tana dama mini fura ta ga kwalin hotunan a hammatata.

"Ɗan agogo, cutar shanunmu ce a ciki? Nuna mini in ga mai cinye mana nono."

Na goge hannu na miƙa mata ɗaya. Ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa.

"Duk tagwaye ne?"

"Duka, Goggo. Kowane zobe da masoyinsa."

"Kai da masoya." Ta karɓi na biyu, ta karɓi na uku, ta jera su a kan faifai. "To me ya sa duk masoyan a hannun dama suke, ƙasa kaɗan? Ko 'yan maruƙa a ruga ba sa kwanciya gefe ɗaya duka. Kuma na biyun duk ya fi na farko dushewa. Da me kuke zana wannan?"

Na ce ba zanawa muke ba, allura ce ke lalubawa.

"To allurarku ta yi giɓi."

Ta jawo wata ƙwarya daga cikin kayanta, ta juya mini gindinta. Ita ke yi wa ƙorenta zane da 'yar wuƙa. Ta nuna mini wani wuri inda kowane layi ya fito biyu, babba da ƙarami a gefensa, duk ta gefe ɗaya. Ta ce, "Ranar nan wuƙata ta daki tsakuwa, bakinta ya rabu. Ni layi ɗaya nake ja, ita tana ba ni biyu. Sai da na wasa ta. Sha furarka, ta fara tsami."

Ban iya shanyewa ba. Daga tasha zuwa soro ba nisa, amma na tsaya sau biyu a hanya ina sake duba hotunan. Duk inda na duba, abokin na dama, ƙasa kaɗan. In na yi shiru, gobe ambulan ya tafi, na'ura ta zauna. Amma sunan Dakta ne a ƙasan wasiƙar, kuma can akwai masu ido irin na Goggo.

Na tarar da ita tana rubuta adireshi. Na ajiye hotunan, na faɗa mata abin da Goggo ta ce, sannan na faɗa mata abin da ya faru ranar Talata, har da littafin. Ta cire gilashi ta goge shi da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce, "Ɗaga allura. Juya maikan kwata, ka sake sauka."

A wannan guntun maika akwai wani dogon tsagi da muka sani, a tsaye yake fitowa a allo. Da na juya, tsagin ya kwanta, kamar yadda ya kamata. In da zobban a sarƙe suke da gaske, da su ma sun juya tare da shi. Ba su juya ba. Kowane aboki na nan a dama, ƙasa kaɗan. Tsinin allurar ya rabu biyu, kowane zobe sau biyu take taɓa shi.

Dakta ta zare wasiƙar daga ambulan ta ninke ta sa a jaka. Ta ce, "Laifin rabi nawa ne. Abin da nake so in gani na gani, ban tambaye shi komai ba." Ta miƙo hannu. "Littafin fa, ya ƙare da aure?"

"Ban kai ƙarshe ba, Dakta."

"Kawo. Ni zan karanta in ba ka labari. Kai ka riƙe sukuru."

Saura allura ɗaya, saura 'yan kwanaki. Ga shi kuma an yi haihuwa a gidan Iya Ladi, jibi suna, kuma kun san dakan suna ba ya jiran la'asar. Dakta ta ce ba za ta iya roƙonsu ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ba mu san Goggo Dije ta kai nono gidan ta ba da labari ba. Washegari da hantsi na ji hayaniya, na leƙa. Mata ne a jere, ana mirgina turame, wasu da taɓare a kafaɗa, sun nufi tsallaken rafi. Iya Ladi na baya da sandarta. Ta tsaya a bakin soro ta ce, "Ɗan agogo, mun ba ka yau da gobe. In ka sake karya allurar nan, kai za ka daka mana na arba'in."

Na soya duwatsu har suka yi shuɗi kamar baba. Na wanke hannu, na buɗe akwatin. Guntun ƙarshe na zaune shi kaɗai a kusurwa. Na sa gilashi, na ɗauki hantsakin da Malam Ɗanjuma ya ba ni ranar da na bar teburinsa. Na fitar da iska, na tsaya, na ɗauka. Ya zauna a gurbinsa. Dakta ta ɗaye sabon maika ta ɗiga ruwan, na ƙirga minti biyu. Saukar da allurar ta ɗauke ni kusan rabin sa'a. Daga tsallaken rafi ana jin lugude sama-sama, amma ƙasa ba ta kawo shi ba.

Zoben farko ya fito shi kaɗai. Na biyu ma haka. Suna warwatse kamar an zubar da awarwaro a tsakar ɗaki, wani zagayayye, wani ya ɗan lotse. Sai a hoto na huɗu muka ga biyu a sarƙe, ɗaya a saman ɗaya. A na shida muka ga wasu, su kuma ta hagu. Muka juya maika, suka juya tare da shi. Ba su da yawa, kuma ba su kai na makon jiya kyau ba. Dakta ta sake wasiƙa, gajeriya, ta ce mafi yawan zobban ɗai-ɗai suke, kaɗan ne a sarƙe, kuma ba ta san dalili ba tukuna. Ta saka hoton tagwayen ƙarya guda ɗaya a ciki, ta rubuta a bayansa yadda aka yi da wadda ta gano.

Amsa ta zo bayan an yi girbi. Ba a karɓi na'ura ba. Tare da wasiƙar akwai ɗan akwati cike da sababbin allurai, da layi ɗaya da malamin ya ce a karanta wa mai ƙwarya, cewa yana gaishe ta. Muka je tasha Dakta ta karanta mata. Goggo ta ce, "Useko, na gode. Ki ce masa in yana da wuƙa mai kyau ya aiko." Mai-lalube ta ƙara shekaru a soron nan kafin kwamfutarta ta gaji, kuma ɗalibai da dama sun zo sun koyi saukar da allura a hannuna. Sammore bai ƙare a Falgore ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Mun dai ga gefen fuskarsa.

Malam Ɗanjuma ya rasu, Iya Ladi ta rasu, Goggo Dije ma haka, Allah ya jiƙansu da rahama. Dakta Rabi na nan a Bebeji ta yi ritaya, kuma har yau ba ta dawo mini da littafin ba. Ta ce sun yi aure, in kwantar da hankalina.

In kun dawo hutu ku shigo ɗakina. Hoto ɗaya ne a bango, na zobba goma sha ɗaya kowanne da masoyinsa, don shi ne mafi kyawun abin da na taɓa ɗauka, kuma babu gaskiya a cikinsa ko ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai ƙwaryar Goggo, ta ba ni ita ranar da muka karanta mata gaisuwa. Ku zo da hoton nan na waya. Ba zan tambaye ku maɓallin da aka danna ba. Zan tambaye ku ko wanda ya ɗauka ya juya dutsen.